Shekara Tara a Bakin Tanderu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Yaya ƙafar Umma? Ta ce mini ta warke, amma ka san 'yar'uwarka, ko ciwo ya hana ta barci cewa za ta yi da sauƙi. Kai ma sau uku na kira ka a waya kana ta "eh? me kika ce?" har na haƙura. Ƙarar masana'antar nan ta gama da kunnenka, shi ya sa na koma wa takarda. Zan riƙa ba direban da ke kawo tayil ɗinku nan birni, tunda ma'ajiyar kamfanin a kan hanyata take.

Mu nan lafiya lau, sai dai aiki. An sauya mini wuri, yanzu ina sashen da ke duba takardun kamfanonin waje, musamman izinin da ake ba su na kawo ƙwararrunsu. Mu biyu muke raba tebur ɗaya, fayil kuwa har saman kabad.

Sai da na zo nan na fahimci yadda kamfaninku ya zo ƙasar nan. Gwamnati ce ta tsawwala kuɗin fito a kan tayil ɗin waje, su kuma suka ga gara su zo su gasa shi a nan, tunda ga yumɓu, ga masu saye. Aka ba su fili, aka ɗage musu haraji na shekara biyar, aka yarda su kawo injiniyansu. Sharaɗin da aka gindaya musu shi ne su ɗauki ɗan ƙasa su koya masa, ya karɓi tanderu cikin shekara uku.

Jiya fayil ɗinsu ya faɗo hannuna. Ina buɗewa sai ga hotonka cikin farar riga irin ta injiniyoyi, an rubuta cewa kai ne wanda ake koya wa. Shekara tara ke nan, Kawu. Sau uku ana sabunta wa injiniyan izininsa, kowane karo dalilin ɗaya ne, wai har yanzu ba ka gama koyo ba. Raina ya ɓaci sosai. Mutumin da duk unguwa ke kawo wa injin ban ruwa da janareta ya gyara, shi ne za a ce shekara tara bai iya abu ɗaya ba?

Don Allah ka gaya mini, tanderun nan ya zama a hannunka kuwa? Daga bakinka nake so in ji.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso ranar Talata, duk ta sha ƙurar tayil. Muna lafiya. Ƙafar Yaya ta yi sauƙi da gaske wannan karon, da idona na gan ta tana korar kaji. Kunnena kuwa lafiyarsa ƙalau, wayoyinku na zamani ne ba sa fitar da murya. Ki gaida maigidan da jikokina.

A tsakar gida na karanta wasiƙar kowa yana ji, don su san yarinyar da na riƙa ɗauka a keke zuwa makaranta yau ita ke juya fayil ɗin manyan kamfanoni. Sunan mahaifiyarmu kika ci, ashe har kaifin idonta kin ɗauko.

Tambayar da kika yi mini dariya ta ba ni. Tanderun nan ya fi filin ƙwallo tsawo. Ɗanyen tayil yana shiga ta wannan baki, ya yi ta gangarawa a kan rola, wato wasu sanduna masu juyawa, ya fito ta wancan bakin a gashe kafin awa ta cika. Ba a kashe masa wuta, safe da rana, ran aiki da ran hutu. A gabana aka ɗaura shi, ni na riƙe musu sifana. Ko an ɗaure mini ido zan bi shi daga farko har ƙarshe. In na ɗora tafin hannuna a jikin ƙarfensa, na san rolar da za ta karye tun kafin ta karye. Uwata, tanderu a hannun kawunki yake, ki kwantar da hankalinki.

Matsalar mutum ɗaya ce, injiniyan nasu. Mu Kar-ka-taɓa muke ce masa, don a shekara tara abin da ya iya faɗa da harshenmu ke nan. Akwai wani ɗaki a gefen tanderu inda aka jera kwamfutoci, muna kiransa ɗakin sanyi, saboda shi kaɗai ne mai na'urar sanyaya wuri a duk masana'antar. Makullinsa a wuyan mutumin nan yake rataye, ko bayan gida za shi sai ya kulle. Ni kuwa abokan aiki sun sa mini Mai Jiran Gado, in na wuce su ce ranka ya daɗe, yaushe ne naɗin.

Ba ƙaunarmu ta kawo mutanen nan ba, wannan kowa ya sani. Amma mu ɗari uku muke ci a ƙarƙashinsu, don haka muke haɗiye abubuwa da yawa. Ku ma can a ofis ku riƙa leƙo mu da gaske, ba sai an zo ɗaukar hoto ba.

Innarki ta ce in tambaye ki ko kin samu mai riƙe miki ƙaramin idan kin tafi aiki.

Kawunki.

*

Kawu,

Barka da war haka. Na ji daɗin labarin ƙafar Umma. Ka gaya wa Inna maƙwabciyarmu ce ke riƙe mini shi, mutuniyar kirki ce.

Albishirinka. Ban gaya maka a wasiƙar farko ba saboda ƙa'idar ofis ta hana, amma rahoto aka ce in rubuta a kan kamfaninku, don sun sake neman a sabunta wa Kar-ka-taɓa izininsa karo na huɗu. Da ma a nan an saba, fayil ya zo, a buga hatimi, ya wuce. Kowa yana tsoron kada a taɓa baƙi su yi fushi. Ni kuwa da na karanta wasiƙarka sai na ji ba zan iya ba. Ga mutum ya iya aiki, an kulle masa ƙofa, ana zuwa nan ana ɓata masa suna a takarda.

Na zauna na rubuta shafi huɗu. Na ce bincikena ya nuna ɗan ƙasar da aka sa a koya wa ya ƙware, da gangan kamfanin yake riƙe shi a baya. Ban ambaci cewa kawuna ne ba, don kada a ce son kai ne. Na yi zaton Darakta zai jefa shi a kwandon shara, sai ga shi ya kira ni yana ta washe baki. Ashe daga sama an matsa masa ya nuna cewa sharuɗɗan da ake gindaya wa baƙi ba ado ba ne, shi kuma yana neman kamfanin da zai yi misali da shi.

An ƙi sabunta izinin. Kwana sittin aka ba injiniyan ya miƙa maka makulli ya tafi. Takardar za ta iso wa manajanku cikin makon nan.

Kawu, tun da na fara aiki ban taɓa jin na yi wani abu mai amfani ba sai wannan karon. Ka ce wa masu kiranka Mai Jiran Gado su shirya, rana ta zo. Na ƙosa in ji yadda fuskar mutumin ta yi.

'Yarka.

*

Kawu,

Ina fatan lafiya. Yau mako uku ke nan ba ko layi ɗaya daga wurinka. Na tare direban har sau biyu a bakin ma'ajiya, ya rantse a hannunka ya sa wasiƙar, kuma a gabansa ka buɗe ta. Na kira Umma, ta ce kana fita tun da sassafe, kana dawowa ka shige ɗaki, abinci ma sai Inna ta yi da gaske. Na tambaye ta ko ba ka da lafiya, ta ce ita ma ba ta gane kanka ba.

In aikin karɓar tanderu ne ya sha maka kai, ai ko kalma biyu ka aiko. In kuma wani laifi na yi, ka faɗa mini. Ban yi tsammanin godiya ba, amma shirun nan ya fara ba ni haushi, ga shi kwanakin suna tafiya.

'Yarka.

*

Uwata,

Lafiyata ƙalau, ta jiki dai. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Wannan a ɗakin canja kaya nake rubuta ta lokacin hutun rana, don ba na so kowa ya tsaya mini a ka.

Kin ɗauko mini dutse kin ɗora a ƙirji. Ban iya ba, Uwata. Ga shi na faɗa.

Duk abin da na rubuta miki game da rola da ƙarfe gaskiya ne, jikin tanderu na san shi. Amma wutar ba a jiki ake juya ta ba, a ɗakin sanyi ake yi. Yumɓun wannan rami daban, na wancan daban, wanda ya sha ruwa daban, kowanne da irin zafin da yake so da inda za a rage masa. Lambobi ne ake shigarwa a kwamfuta, rubutun kuma da harshensu. In aka yi kuskure, tayil na yini guda zai fito a lanƙwashe. In wuta ta sauka da gaggawa, bulon cikin tanderu ya tsage, sai a yi watanni ana gyara. Ni ban taɓa shigar da lamba ko ɗaya ba.

Farar rigar da kika gani a hoto, a durowar manaja take kwana. Ranar da masu duba aiki za su zo daga wajenku ake fito da ita, a zaunar da ni a gaban kwamfuta, a ce in ɗora hannu kada in danna komai. Su ɗauki hoto, su sha lemo mai sanyi, a miƙo mini takarda in sa hannu cewa koyo yana tafiya daidai. Sau tara na sa hannu. Kafin motarsu ta fita daga ƙofa an karɓe rigar.

Za ki ce me ya hana ni faɗa. To da wane baki? Innarki tana tsaye a kaina lokacin da nake ba ki amsa, ƙannenki suna leƙe. Ke kuma kin riga kin ce ni ne mai gyara injin duk unguwa. Sai in ce wa 'yar da na goya ban iya ba? Ke ma da laifinki. Kin san rahoto za ki rubuta, kika yi mini tambayar gida, na ba ki amsar gida, kika ɗauka kika kai ofis.

Yanzu ga inda ake. Manaja ya tara mu ya ce in injiniya ya tafi ba za su bar tanderunsu a hannun da ba su yarda da shi ba. Za su sauke wuta a hankali, su kwashe injinan zuwa ƙasar da ke maƙwabtaka da mu, inda aka yi musu alkawarin sabon fili da sabon ɗage haraji. Nan sai dai ya zama ma'ajiya mai ma'aikata ashirin. Ma'aikata kuwa sun ɗauka barazana ce kawai, tunda ga ni. Shugaban ƙungiyarmu ya ɗaga hannuna sama a gaban kowa, aka yi ta tafi. Mai tuƙa motar ɗaga kaya, wanda matarsa ta haifi tagwaye watan jiya, ya riƙe ni ya ce yanzu a hannuna suke. Na rasa inda zan sa fuskata.

Saura kwana talatin da shida. Ke kika ɗaura, sai ki san yadda za ki kwance.

Kawunki.

*

Kawu,

Na gode Allah da kake lafiya. Mu ma haka, sai dai tun da na karanta wasiƙarka komai ya fita raina.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Na yi fushi da kaina fiye da haka. An koya mana kada mu rubuta abin da ba mu gani da ido ba, ni kuwa na ji kunyar in ce wa kawuna ya nuna mini, sai na ɗauki maganarka na mai da ita bincike.

Washegari na shiga wajen Darakta na faɗa masa komai, har da cewa kai kawuna ne. Ya cire tabarau ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce ko na san ya riga ya yi wa 'yan jarida bayani a kan wannan nasara. Muna cikin haka sai ga mutanen hawa na sama sun sauko. Su ne ofishin da ke yawo ƙasa ƙasa suna roƙon kamfanoni su zo su zuba jari. Shugabarsu ta ce su suna can suna lallashi, mu muna nan muna kora, kuma in kamfanin tayil ya tashi, wasu biyu da take zawarci ba za su zo ba. Darakta ya ce ita ai ko ƙasar aka ce ta bayar kyauta za ta sa hannu. Gini ɗaya muke, matakala ɗaya muke hawa, amma kowa da inda yake jan igiyar. Ina tsaye kamar gunki suna ta yi a kaina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun san gaskiyar tun farko. Da masu kamfanin nan suna son raba iliminsu, da sun sayar wa wani attajirin nan da shi sun yi zamansu a gida. Sun zo sun gina da kansu ne don ya zauna a hannunsu. Mu kuma muka rubuta sharaɗi mai kyau a takarda, muka tura masu ɗaukar hoto su tsare shi.

An karɓe fayil ɗin daga hannuna, an kuma ba ni takardar gargaɗi. Wannan ba komai. Amma na tono doka, akwai hanya ɗaya. Ana iya ƙara wa injiniyan wata shida, idan wanda aka ce ana koya wa ya rubuta da hannunsa cewa ba a koya masa ba. Daga nan sai a tilasta koyon da gaske, da jarrabawa duk wata. Darakta ya yarda, don ta haka laifin zai koma kan kamfani. Na hawa na sama ma sun yarda, don tanderu ba zai mutu ba.

Sai dai ba a ɓoye ake yi ba. A gaban masu duba aiki da ƙungiyar ma'aikata za ka karanta, kuma za a tambaye ka sa hannun nan tara. Na san abin da nake nema a wurinka ba ƙarami ba ne. Na juya ta ko'ina ban ga wata ƙofa ba.

Don Allah kada ka yi shiru wannan karon. Saura kwana ashirin da tara.

'Yarka.

*

Uwata,

Muna lafiya. Takardar gargaɗin da aka ba ki ta dame ni, ki yi haƙuri, bakina ne ya jawo miki.

Kafin in yanke shawara sai da na gwada tawa dabarar. Na ja tafintan kamfanin muka je wajen Kar-ka-taɓa a ɗakin da yake kwana bayan ma'ajiya. Shekara tara ban taɓa leƙa wurin ba. Gado ɗaya ne da kujera, da hoton 'yan mata biyu a bango, ya fara zuba kaya a akwati. Na ce masa ya koya mini a kwanakin da suka rage, ko da ba hutu ne. Ya ce ko ya so ba zai yiwu ba. Takardar aikinsa ta hana shi, kuma shi kansa in aka sauya yumɓu, aika awo yake yi can hedkwatarsu su turo masa lambobi. Ya ƙara da cewa masana'antar garinsu an rufe ta, ranar da na iya aikin nan ranar zai koma gida ya zauna. Na shiga da niyyar in zage shi, na fito ban san wa zan zaga ba.

Jiya aka yi taron, a filin da ake loda kaya. Mutanenku biyu sun zo, manaja yana gefe ya haɗe rai, ma'aikata sun cika wurin har kan katan. Na riƙe takardar, sai na ga gara in ajiye ta in faɗa da bakina. Na ce:

"'Yan'uwa, ban iya ɗakin sanyi ba. Ba a koya mini ba, ni kuma na sa hannu sau tara cewa ana koya mini, don ina jin daɗin sunan. Wanda ya tafa mini ran nan ya yafe ni."

Shugaban ƙungiya ya sunkuyar da kai. Da aka watse, mai tagwayen nan ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Wani dattijo mai shara ne kaɗai ya tsaya ya ce mini ai shi ya daɗe da sani, tunda shi ke goge ƙofar ɗakin.

A gida Innarki ta yi kwana biyu ba ta yi mini doguwar magana ba. Da ta buɗe baki, cewa ta yi rashin iyawar bai dame ta ba, abin da ya ƙona mata rai shi ne na bar ta shekara tara tana cika baki a gidajen maƙwabta.

Duk da haka na ji sakayau. Wata shida ba yawa, amma kaina bai toshe ba. Na fara haddace haruffansu daga jikin kwalayen kayan gyara. Ki gaya mini da zarar an sa hannu.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma jinjina maka. Ɗaya daga cikin mutanenmu da suka je taron ya ce bai taɓa ganin an yi irin wannan a gabansa ba.

An sa hannu. An ƙara wata shida, kamfanin ya janye maganar tashi, an kuma ce dole a fassara littattafan tanderu a ajiye su a nan. Amma akwai abin da ya zo tare da amsarsu, kuma gara ka ji daga wurina. Sun rubuta cewa tunda kai da bakinka ka ce ba ka koyi komai ba a shekara tara, ga shekarunka kuma, sun cire sunanka. Sun sa wasu injiniyoyi biyu da suka gama jami'a bara.

Na koma wajen Darakta har sau biyu. Ya ce doka ɗan ƙasa ta ce, ba ta ce wane ba, kuma ni ba ni da bakin magana a fayil ɗin nan yanzu. Na fito na zauna a matakala na yi kukana. Ni na ce ka tsaya a gaban mutane, ban hango wannan ba. Karo na biyu ke nan ina cutar da kai da hannuna.

Ka yafe mini, Kawu.

'Yarka.

*

Uwata,

Muna lafiya, Yaya tana gaishe ki. Ki gaida maigidan da jikokina, ki kuma daina ba ni haƙuri, ya isa haka.

Na riga ki sani, manaja ya kira ni tun ran Litinin. Ya yi mini magana cikin ladabi fiye da kullum, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. An mai da ni kan rola, aikin safe. Sababbin biyun sun fara, mace da namiji, masu hankali ne, suna gaishe ni. Ina hango su a zaune da littattafai, mutumin yana nuna musu da yatsa yana gumi duk da sanyin ɗakin. Ko za a ba su ilimin duka ko rabi, wannan ku ya rage wa, in kun ga dama ku zo ku duba da gaske.

Ba zan ce miki ban ji ciwo ba. Na ji, har yanzu ina ji. Wani lokaci ina aiki sai in kama kaina ina lissafin abin da zan iya koya da a ce tun shekarar farko na buɗe baki. Amma tanderu yana ci, ba a sallami kowa ba, motoci suna ta loda kaya. Mai tagwaye ya fara amsa gaisuwata.

Shekaranjiya autata ta kawo takardar makaranta da za a cike, akwai wurin da aka ce a rubuta aikin uba. Tun tana aji ɗaya mataimakin injiniya take rubutawa. Ta kai wurin ta tsaya da biro a hannu tana kallona, uwarta ma ta daina abin da take yi. Na ce ta rubuta mai canja rola, ta kuma rubuta shi da kyau yadda kowa zai iya karantawa.

Kawunki.